Yadda Ake Amfani da Maganin Feshin Hanci na Alaji da Likita Ya Rubuta

Da yawa daga cikin waɗanda suka daina amfani da maganin feshin hanci na alaji ba don maganin bai yi aiki ba ne suka daina, sun daina ne saboda ɗacin da yake bar musu a maƙogwaro. Wannan ɗaci kuwa, a lokuta da dama, alama ce ta cewa maganin ya zarce inda ake bukatarsa, wato ya gangara baya maimakon ya zauna a cikin hanci. Saboda haka babban abin da ya kamata mutum ya koya shi ne yadda zai tsayar da kansa, da inda zai saita bakin kwalbar, da irin numfashin da zai ja.

Kafin nan, yana da kyau a san abin da maganin yake yi. Idan mai alaji ya shaƙi ƙura, ko garin furanni, ko gashin mage, ko ɓurɓushin ƙananan ƙwarin da ke zama a katifa da matashi, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin fatar hanci sukan saki wani sinadari da ake kira histamin. Shi ne yake kawo atishawa a jere, da ƙaiƙayi, da yoyon majina mai kama da ruwa, kuma yana cikin abubuwan da ke kumbura cikin hanci har ya toshe. Irin maganin feshin da ake magana a kansa a nan yana tare gurbin da histamin yake kamawa, kuma da yake a wurin da matsalar take ake fesa shi, yakan fara aiki cikin minti 15 zuwa 30. Waɗanda aka fi rubutawa su ne azelastin, da ake sayarwa da sunaye irin su Astelin, Astepro da Allergodil, sai olofatadin mai suna Patanase. Akwai kuma Dymista, wanda ya haɗa azelastin da fulutikason, wani sitiroyid (maganin rage kumburi), a kwalba ɗaya. Ga manya, yawanci feshi 1 ko 2 ne a kowace kafar hanci sau biyu a rana, amma adadin da likitanka ya rubuta shi ne abin bi, musamman ga yara, domin nasu ya danganta da shekaru da ƙarfin maganin.

Sabuwar kwalba tana bukatar a cika famfonta kafin a fara. Ka cire murfin, ka kau da bakin daga fuskarka, ka danna da sauri da ƙarfi sau 4 zuwa 6, gwargwadon abin da takardar cikin kwalin ta faɗa, har sai ka ga feshin yana fita laushi kamar hazo. Idan azelastin ya kwana 3 ko fiye ba a taɓa shi ba, sai a sake dannawa sau 2 kafin a sa a hanci. Wanda aka haɗa da sitiroyid kuma yana bukatar a girgiza shi kowane lokaci.

Da farko ka fyace majina a hankali, domin maganin da ya sauka a kan majina tare da ita zai fita. Idan hancin ya cushe sosai, ka fara wanke shi da ruwan gishirin da aka tanada domin hanci, ka jira 'yan mintuna. Sannan ka zauna ko ka tsaya a miƙe, ka ɗan sunkuyar da kai kamar mai duban yatsun ƙafarsa. Nan ne jama'a suka fi yin kuskure, domin an saba ɗaga kai sama duk lokacin da za a ɗiga wani abu a hanci ko a ido, alhali ɗaga kai a wannan magani buɗe masa hanya ne zuwa maƙogwaro.

Ka riƙe kwalbar a tsaye, babban yatsa a ƙasanta, manuni da na tsakiya a kafaɗunta. Ka yi amfani da hannun dama wajen fesa kafar hagu, hannun hagu kuma wajen kafar dama. Hikimar hakan ita ce bakin kwalbar zai karkata da kansa zuwa gefe, wajen kunne, ya kauce wa guringuntsin da ya raba kafofin hanci biyu. Fatar wannan guringuntsi siririya ce kuma cike take da ƙananan jijiyoyin jini, don haka wanda yake harbinta da feshi kullum zai iya samun raɗaɗi da haɓo, yayin da naman gefe, wanda shi ne ke kumbura, bai sami komai ba. Ka shigar da bakin kaɗan kawai, ka toshe ɗaya kafar da yatsa, ka danna sau ɗaya kana jan numfashi a hankali kamar mai sansanar turare, sannan ka fitar da numfashin ta baki. Kada ka zuƙe da ƙarfi. A ganina wannan ne umarnin da ya fi kowanne wuyar kiyayewa, domin wanda hancinsa ya toshe yana jin cewa sai ya ja da ƙarfi maganin zai shiga, kuma wannan jan ne yake kai shi baki.

Bayan ka gama kafofin biyu, ka bar kanka a sunkuye na ɗan lokaci, kada ka fyace kuma kada ka kwanta rigingine nan take. Idan wani abu ya ɗigo, ka goge shi kawai. Idan duk da haka ka ji ɗaci, kurɓar ruwa tana rage shi. Ka goge bakin kwalbar ka mayar da murfi, idan kuma ya toshe ka cire shi ka jiƙa a ruwan ɗumi, kada ka tsokane shi da allura, domin faɗaɗa ramin yana ɓata ma'aunin feshin. Kwalba ɗaya ta mutum ɗaya ce.

Ko da yake a hanci ake fesa shi, maganin yana sa wasu mutane gyangyaɗi. Saboda haka kada ka tuƙa mota ko ka yi aiki da inji mai haɗari sai ka ga yadda jikinka ya karɓe shi, kuma kada ka haɗa shi da barasa ko maganin barci. Idan kana shan wani maganin alaji na baki, ka sanar da likita. Mai juna biyu da mai shayarwa, da wanda aka yi wa tiyatar hanci kwanan nan ko yake da gyambo a ciki, su ma su yi bayani kafin su fara.

Akwai wani ruɗani da nake so a kiyaye sosai. Wannan magani daban yake da feshin buɗe hanci irin su oksimetazolin, wanda yake buɗe hanci cikin 'yan mintuna ta hanyar matse jijiyoyin jini. Shi wancan ba a so a wuce 'yan kwanaki ana amfani da shi, domin idan aka zarce hancin yakan ƙara toshewa duk lokacin da ƙarfinsa ya sake, har mutum ya kasa rabuwa da kwalbar. Feshin da ke tare histamin ba ya haifar da wannan, kuma ana iya amfani da shi tsawon lokacin da alajin yake tashi idan likita ya amince. Sai dai ƙarfinsa a kan toshewa mai tsanani yana da iyaka, shi ya sa idan an yi mako biyu ana fesawa daidai kuma hancin bai buɗe ba, likita yakan ƙara sitiroyid ko ya koma ga haɗaɗɗen.

Ka koma wurin likita ba tare da jinkiri ba idan haɓo yana maimaituwa, ko toshewar ta tsaya a gefe ɗaya kawai, ko ta zo da zazzaɓi da ciwon fuska da majina mai kauri, domin waɗannan suna iya nuna wata cuta da ba alaji ba. Kumburin fuska ko leɓe, ko wahalar numfashi bayan feshi, yana bukatar a dakatar da maganin a tafi asibiti nan take.