Komawa wata ƙasa da sana'ar kanka

Farko dai manta da bizar yawon buɗe ido, ba a aiki da ita, in aka kama ka tuso ƙeyarka za a yi. Nemi ƙasa mai bizar masu sana'ar kansu irin Jamus, amma leƙa shafin ofishin jakadanci tukuna, don Kanada ma ta daina karɓar sabbin takardu a nata shirin tun Afrilun 2024.

Wahalar tana wajen takardu wallahi, sitatimen na banki, rasitan ayyukanka, shaidar biyan haraji, inshorar lafiya, sai wasiƙun kwastomomin can da suka ce za su ba ka aiki, su jami'in ba da biza zai fi tsura wa ido. Kuma don Allah kar ka zuba kuɗin aro a akawun ana gobe intabiyu, suna ganin ranar da ya shiga.