Yadda Ake Neman Aikin Gwamnati a Fannin Wuraren Kiwo da Gandun Daji a Sakkwato

Duk shekara Jami'ar Usmanu Danfodiyo da kwalejin aikin gona ta Wurno suna yaye matasan da suka karanci kiwon dabbobi, gandun daji da ilimin ƙasar noma, kuma yawancinsu aikin gwamnati suke hari. Guraben ba su da yawa, kowa ya san haka. Abin da ke ba ni takaici shi ne yaro ya sha wahala har ya kai gaban masu intabiyu, takardunsa cif-cif, a tambaye shi shanu nawa hekta ɗari za ta riƙe har ƙarshen rani, ya tsaya yana rarraba ido. Yawancin waɗanda na ga sun faɗi, a nan suka faɗi. Don haka a nan zan fi daɗewa.

Mataki na farko: san ƙofar da kake bugawa

A matakin jiha, aikin ya rabu gida biyu. Gandun daji, dashen itatuwa da yaƙi da kwararowar hamada suna ƙarƙashin ma'aikatar muhalli. Wuraren kiwo, burtali da mashaya suna wajen ma'aikatar da ke kula da lafiyar dabbobi. Hukumar ɗaukar ma'aikata ta jiha ce ke ɗauka. Ƙananan hukumomi 23 kuma kowace tana da sashen aikin gona, kuma hukumarsu ta ɗaukar ma'aikata daban take. Matasa suna raina aikin ƙaramar hukuma, amma can ne malamin daji yake koyon aiki na gaskiya.

A tarayya akwai Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da aka kafa a 2024. Akwai hukumar babbar katangar itatuwa da dokar 2015 ta kafa, wadda Sakkwato take cikin jihohi 11 da take aiki a cikinsu. Akwai Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima mai kula da madatsun ruwa irin na Goronyo. Mai son bincike ya duba cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya, ko cibiyar binciken gandun daji mai hedikwata a Ibadan.

Sai shirye-shiryen Bankin Duniya, ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja, da L-PRES na kiwo. Matasa suna ruguguwa can saboda sun ga motoci sababbi. Ka sani shiri yana da ranar ƙarewa, kuma da yawa daga cikin masu riƙe da kujerun ofishinsa aro aka yi daga ma'aikatu. Idan ka samu kwantiragi ka karɓa, amma kada ka daina neman aikin dindindin.

Mataki na biyu: karatun

Ba dole sai ka sami digiri mai suna kula da wuraren kiwo ba. Ta kimiyyar dabbobi ko ta gandun daji ma ana shiga. A JAMB za ka haɗa Turanci da kimistiri da bayoloji ko aikin gona, sai fiziks ko lissafi. Shekara 5 ne, kuma ta huɗu ta aikin gona ce a fili. Mai digiri da mai babbar difloma duka a matakin albashi na 8 suke farawa, mai ƙaramar difloma a na 6, sai dai layin mai digiri ya fi nisan tafiya. In kana da hali, yi digirin.

Abin da nake dagewa a kai shi ne binciken shekarar ƙarshe. Kowa yana zaɓen kaji saboda cikin sati takwas an gama. Kai zaɓi ciyawa, ko itatuwan da dabbobi ke ci, ko yanayin wani burtali. Zai ci maka kuɗin mashin, zai ƙona ka da rana, amma shi ne abu na farko da za ka ɗora a tebur ranar intabiyu.

Mataki na uku: koyi karanta fili

Tsakanin gama bautar ƙasa da fitowar gurbi ana iya shekara biyu ko uku. Mafi yawa suna cinye wannan lokaci a majalisa suna jiran wani ya kira su. Ga abin da ya kamata ka yi da shi.

Fara da sunaye, da Hausa tukuna, sannan na boko. Ka san gamba da kyasuwa da harkiya da ƙarangiya, ka bambance su tun suna ɗanyu da bayan sun bushe. Ka san sabara da geza da kalgo da aduwa da bagaruwa. Ka san gawo yana zubar da ganye da damina ya fitar da shi da rani, shi ya sa manomi yake barinsa a tsakiyar gona, makiyayi kuma yake bin 'ya'yansa. Mafi muhimmanci, ka san tsirran da ke nuna fili ya gaji. Idan ka shiga makiyaya a watan Agusta ka ga ta yi kore shar, duba da kyau kafin ka rubuta cewa tana da kyau. In tafasa ce da tumfafiya suka cika ta, korensu banza ne, saniya ba ta damu da su ba. Na sha ganin rahoton sabon ma'aikaci yana yabon filin da tafasa ta riga ta cinye.

Wanda zai koya maka wannan ba ya jami'a. Nemi dattijon makiyayi a kasuwar dabbobi ta Achida ko Illela, ko ka bi ta hannun mai unguwa a kai ka ruga. Gaishe shi da kyau, ka ce, "Baba Arɗo, na zo koyo ne, a nuna mini abin da shanu ke so da abin da suke ƙi." Kada ka fito da littafi da biro a zaman farko. Mutumin da ya daɗe yana ganin mai rubutu yana zuwa kafin haraji ko tara ba zai sake da kai ba. Goro da sukari sun isa tsaraba. In ka iya gaisuwa da Fulatanci, ka ci rabin tafiya.

Sai awo. Je wurin mai walda ya haɗa maka rodi mai kusurwa huɗu, mita ɗaya kowane gefe. Ragowar rodi ta isa, kada ka sayi sabo. Ka nemi lauje, buhunan takarda da ɗan sikelin kicin mai auna giram. Lokacin awo shi ne ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, sa'ad da ruwa ya ɗauke kuma ciyawa ta kai iyakar girmanta. Ka bi layi madaidaici cikin filin, duk taku hamsin ka ajiye ƙarfen a inda ƙafarka ta tsaya, ko da wurin faƙo ne. Nan ne sababbi suke maguɗi ba tare da sun sani ba: ido yana jan su inda ciyawa ta yi kauri, sai lissafi ya fito ninki biyu. Yanke duk abin da ke ciki, ware wanda dabba ba ta ci, zuba sauran a buhu ka rubuta lamba. Yi haka a wurare ashirin aƙalla. Kada ka auna ɗanya. Shanya ta, kana aunawa kullum, har nauyin ya daina sauka.

Lissafin ba wuya. A ce matsakaicin buhu ya ba ka giram 150. Ninka da goma, ka samu kilo 1,500 a hekta ɗaya. Ba duka dabba za ta ci ba: gara za ta ci, iska za ta kwasa, kofato zai tattake, kuma dole a bar wani ya rufe ƙasa. Ɗauki kashi ɗaya cikin uku, wato kilo 500. Ma'aunin da ake amfani da shi a ƙasashe masu zafi shi ne dabba mai nauyin kilo 250, wadda ke cin busasshen abinci kilo 6.25 a rana. Raba 500 da 6.25, ka samu kwana 80. Raninmu yana kai wata takwas, kimanin kwana 240, don haka dabba ɗaya tana bukatar hekta 3. Hekta ɗari ke nan za ta riƙe kimanin ma'auni 33. Kuma kada ka ƙirga kai da kai: raƙumi ɗaya ma'auni ɗaya ne, saniya a cikin garke ana ɗaukarta 0.7, tumaki ko awaki goma su ne ma'auni ɗaya. Yi wannan a filaye biyu ko uku, damina biyu a jere, ka rubuta a shafuka kaɗan tare da hotuna.

Taswira ma ka koya. Manhajar zana taswira ta QGIS kyauta ce, tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarta, kuma wayarka tana da GPS. Bi wani burtali da ƙafa, ka ɗauki iyakarsa, ka ɗora a kan hoton tauraron ɗan adam ka nuna inda gonaki suka shige shi. Kada ka biya kuɗi mai yawa don kwas ɗin sati ɗaya mai satifiket mai ƙyalli. Taswirar da ka zana da hannunka ta fi shi magana. Koyi KoboCollect ma, da ita ake cike tambayoyin fili a shirye-shirye da yawa. In ka samu hanyar leƙawa Maradi ko Tawa, je ka ga yadda manoma ke rainon tohon kututture ya koma itace, da ramukan tassa da na rabin wata masu tare ruwan sama a faƙo.

Gargaɗi ɗaya: wasu dazuzzukan gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, da wasu na Tangaza da Gudu, ba wurin zuwa awo ba ne saboda matsalar tsaro. Duk inda za ka, fara da gaban uban ƙasa ko hakimi, ka ji shawararsu.

Mataki na huɗu: takardu da intabiyu

Sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a takardar firamare, sakandare, digiri, NIN da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da fayil. Gyara tun yanzu. Aikin tarayya ana raba shi da la'akari da jihar asali, don haka takardar ƙaramar hukuma ba abin wasa ba ce. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ba ka takardar ɗaukar aiki, ɗan damfara ne, ko da ya rantse da Alƙur'ani.

Kafin intabiyu, karanta dokoki biyu. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, da dokar mallakar ƙasa ta 1978. A ta biyun, ƙaramar hukuma tana iya ba da izinin fili har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da amincewar gwamna. Ka san bambancin makiyayar da aka yi wa gazet, wato aka buga ta a jaridar gwamnati ta zama doka, da wadda aka keɓe da baki kawai, domin a Najeriya akwai wuraren kiwo sama da 400 amma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne ke da gazet. In an tambaye ka rikicin manomi da makiyayi, kada ka ɗauki ɓangare. Yi maganar iyaka, lokacin sakin gona bayan girbi, da hanyar zuwa mashaya. Tafi da rahotonka da taswirarka a bugge.

Bayan an ɗauke ka

Shekara biyu na gwaji ne kafin a tabbatar da kai, akwai jarrabawa, kada ka yi sakaci da ita. In an tura ka ƙauye, tafi. Daga mataki na 7 zuwa na 14 ƙarin girma ba ya zuwa ƙasa da shekara uku-uku, ritaya kuma shekara 35 a aiki ko 60 da haihuwa. Mai digirin kimiyyar dabbobi ya yi rajista da cibiyar ƙwararrun fannin da dokar 2007 ta kafa. Digiri na biyu ka bari sai an tabbatar da kai, sannan ka nemi hutun karatu da albashi, kuma ka ajiye kwafin kowace takarda da ta shiga fayil ɗinka a gida.