Shawara ga masu fita waƙar Kirsimeti gida-gida a Kano

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Tunda Disamba ta kama, ƙungiyoyin mawaƙa da zumuntar mata sun fara shirin zagaye, ga 'yar shawarata.

Kafin ku fita, Baba Fasto ko dattijon ikilisiya ya leƙa wajen mai unguwa da ofishin 'yan sanda, a gaya musu rana da layukan da za a bi. A Sabon Gari abin da sauƙi, an saba. Amma Badawa ko Birget, inda gidajenmu ke jingine da na maƙwabta Musulmi, a lura da lokaci. Ku fara bayan La'asar, in an kira Magariba a sauke ganga har a idar. Lasifika ma ku bar ta a coci, muryar mutum 15 ta ishi tsakar gida. Ku watse kafin ƙarfe 9, don in dare ya yi samun adaidaita sahu wahala ne.

Hunturu kuma ba ya raga wa maƙogwaro. A cika fulas da ruwan ɗumi da citta da zuma, yara su sa rigar sanyi. Ruwan leda mai sanyi, a'a.

Abin da aka samu a zagayen a kai wa gwauraye da marayu kafin 25 ga wata: shinkafa, man gyaɗa, sabulu. Mutum biyu su kai a asirce, ba da tawaga ana ɗaukar hoto ba.

Abincin da za a miƙa wa maƙwabta kuwa, mahauci Musulmi ya yanka naman, a kuma faɗa musu hakan lokacin miƙa kwanon.