Babi na Bakwai: Yadda Ake Zaɓen Majigi Mai Sauƙin Kuɗi don Kallon Fim a Gida

Dattawa da yawa ba su manta da majigi ba. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka har zuwa bayan samun 'yancin kai, motar gwamnati takan shigo gari, a kafa farin ƙyalle a fili ko a ƙofar fada, idan duhu ya shiga a nuna wa jama'a fina-finan tsafta da noma. Na'urar da a wancan lokaci sai mota ke ɗaukarta, yau ta ƙanƙance har ana iya riƙe ta a hannu ɗaya, kuma magidanci mai matsakaicin ƙarfi yana iya sayenta domin iyalinsa. Matsalar ita ce kwalayen waɗannan na'urori cike suke da lambobi, waɗansu na gaskiya, waɗansu na jan hankalin mai saye. Wannan darasi zai koya muku karanta lambobin kafin ku fitar da kuɗinku.

Lamba ta farko ita ce ta ƙarfin haske, wanda ake aunawa da ma'aunin da ake kira lumen. A nan ne aka fi cutar masu saye. Za ku ga ƙaramin majigi da aka rubuta wa "lumen 9,000" a kwali, alhali idan aka kunna shi da rana ko fuskar ɗan wasa ba za a gane ba. Ma'aunin da za ku nema shi ne wanda aka haɗa da haruffan ANSI ko ISO, domin shi ne ake aunawa a kan hoton da ya sauka a bango, bisa ƙa'idar da kamfanoni suka amince da ita. Ƙaryar haske ta yi yawa har kamfanin Epson ya kai ƙarar waɗansu masu sayar da majigi gaban kotu a Amurka a shekarar 2020. Idan ba ku ga ANSI ko ISO kusa da lambar ba, ku ɗauka ba a faɗa muku komai game da hasken ba.

Ku sani kuma cewa haske yana raguwa gwargwadon girman hoto. Idan kuka ja majigi baya har faɗin hoton ya ninka biyu, hasken da ke kan bangon zai koma kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haske ɗaya ne aka shimfiɗa a kan fili mai ninki huɗu. Don haka alƙawarin hoto mai inci 200 daga ƙaramar na'ura ba shi da amfani. Hoto mai inci 100, wanda ake aunawa daga kusurwa zuwa kishiyar kusurwa, faɗinsa ya ɗan haura mita 2, kuma yawancin majigai masu arha suna bukatar tazarar kusan mita 3 daga bango kafin su ba da shi. Ku auna ɗakinku tun kafin ku tafi kasuwa.

Lamba ta biyu ita ce ta yawan ɗigon hoto, wato ƙananan ɗigo-ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto. Akwai 480, da 720, da 1080, wato yawan layukan ɗigo daga sama zuwa ƙasan hoto, kuma yawan ɗigo shi ne tsabtar hoto. Sai dai majigi yana iya karɓar fim mai 1080 ya rage shi zuwa 480 kafin ya haska, mai sayarwa kuma ya rantse cewa "yana ɗaukar 1080", bai kuwa yi ƙarya ba. Tambayar da za ku yi masa ita ce: ɗigo nawa na'urar take fitarwa da kanta? Ga mai kallon fim ɗin da ake rubuta fassara a ƙasansa, wannan tambaya tana da nauyi, domin a kan 480 rubutun yakan dushe ya gajiyar da ido.

Da waɗannan lambobi biyu za mu iya kwatanta iri uku da aka fi samu a shagunan kayan lantarki, irin na kasuwar Sabon Gari da titin Beirut a Kano.

Mafi arha shi ne ɗan ƙaramin majigi mai fitilar LED, wanda sau da yawa ɗigonsa 480 ne ko 720, haskensa na gaskiya kuma bai cika haura ANSI 200 ba. Ya isa yara su kalli zane mai motsi a ɗaki mai duhu, amma ba zan shawarci wanda yake son iyali su taru gaban babban hoto ya saye shi ba.

Na biyu shi ne matsakaicin majigi mai LED wanda yake fitar da 1080 da kansa, haskensa kuma ANSI ɗari uku zuwa biyar ko kusa da haka. A ganina wannan ne ya fi dacewa da yawancin gidaje, kuma dalilin yana komawa ga wutar lantarki. Irin wannan yawanci ba ya cin wutar da ta wuce wat 100 da yawa, saboda haka ƙaramar inbata ko batirin sola zai riƙe shi har fim ya ƙare, kuma masu ƙera shi suna ƙiyasta wa fitilarsa awa 20,000 ko fiye. Rauninsa ƙura ne da zafi. Fankarsa tana zuƙo iska domin sanyaya ciki, da hunturu kuwa ƙura take zuƙowa, ta kwanta a kan gilashin hoton ta fito a bango kamar tabo. Ku nemi majigin da aka rufe ma'ajiyar gilashinsa ruf, ku riƙa share matatar iskarsa, ku lulluɓe shi bayan ya huce, kada kuma ku ɗora shi a kan katifa inda ƙofofin iskar za su toshe.

Na uku shi ne majigin ofis na hannu, irin na Epson ko BenQ, wanda makarantu da ma'aikatu suka gama amfani da shi. Haskensa yakan kai ANSI 3,000, ya ninka na sauran nesa ba kusa ba, har ana iya kallo da fitilar ɗaki a kunne ko a tsakar gida bayan magariba. Amma yana aiki da ƙwan fitila mai zafi wanda yake cin wat 250 zuwa 300, yana mutuwa bayan 'yan dubban awoyi, kuma sabon ƙwan ba shi da arha. Bugu da ƙari, ƙwan yana son fanka ta sanyaya shi bayan an kashe, don haka yawan ɗauke wuta ba zato yana rage masa kwana. Cikin jerin saitinsa akwai wurin da yake nuna awoyin da ƙwan ya yi aiki, ku sa a buɗe muku ku gani da idonku. Da yawansu kuma an yi su ne domin nuna rubutu, hotonsu ya kusa zama murabba'i, sai fim ya fito da baƙin layi a sama da ƙasa.

Sauti kuwa, lasifikar da ke cikin majigi mai arha ƙarama ce, ƙarar fanka ma takan danne ta, saboda haka ku tabbatar akwai ramin haɗa lasifikar waje ko Bluetooth. Ku duba ramin HDMI domin dikoda da kwamfuta, da ramin USB domin filash. Ranar saye ku tafi da filash ɗinku mai fim a ciki, a gwada a gabanku, ku lura ko kusurwoyin hoton sun fito tas kamar tsakiyarsa, sannan ku karɓi rasit mai ɗauke da wa'adin garanti.

Aikin yi: majigi mai wat 80 da majigi mai wat 280 kowanne ya nuna fim na awa 2. Ku ninka wat da awa, ku rubuta wutar da kowanne ya ci da bambancin da ke tsakaninsu. Bayan haka ku auna tazarar da ke tsakanin bango biyu na ɗakinku, ku kawo amsar aji a darasi na gaba.