Yafin Tumatir da Attarugu a Tsakiyar Hunturu

Shekarar da na fara riƙe lambu da kaina, a gonarmu ta gefen Kura, na yafa attarugu a ƙarshen Disamba. Kwana goma sha biyu ina sintiri, ko ɗigon kore ban gani ba. Sai na ce ƙishirwa ce, na shiga ba shi ruwa safe da yamma, wani lokacin har bayan magariba. Ranar da Kawu ya biyo ta wajen, bai ce min uffan ba sai da ya tsuguna ya cusa yatsa cikin fangalin. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, in aka jiƙa maka shimfiɗa da magariba a wannan ɗarin, gobe za ka tashi?" Muka tona, rabin irin ya yi baƙi ya ruɓe. Garin neman ƙiba na samo rama.

Tun daga ranar na daina ɗora wa iskar hunturu laifi. Abin da ke kashe iri shi ne ƙasar da ta kwana a jiƙe kuma da sanyi. Duk dabarar da zan faɗa a nan, a kan wannan take tafiya: ƙasa ta sha rana, ta riƙe ɗumin har asuba.

Wani zai ce me ya kai mutum yafi a wannan lokaci? Gaskiya ne, yawancin mutanenmu na Kura da Kadawa da Bunkure da Garun Malam, masu noma da ruwan Tiga, tun Satumba ko Oktoba suke yafa tumatir, ƙasa na da sauran ɗumin damina. Amma da yake kowa tare ya yafa, tare ake ɗiba. Je ka kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a watan Fabrairu ka ga kwanduna, mai kaya na roƙon mai saye. Wanda ya yafa a ƙarshen Disamba kuwa, kayansa na nuna ne lokacin da na wasu ya fara ƙarewa. Sai dai akwai iyaka. Tumatir na zubar da fure in zafin bazara ya kai intaha, shi ya sa ni ba na wuce farkon Janairu da yafinsa. Attarugu da barkono sun fi shi haƙuri da zafi, su ne kuma suka fi shi raki a sanyi.

Ga yadda lissafin yake. Irin tumatir in ƙasa na wajen digiri 25, kwana shida ya fito. In ta sauka zuwa 15, sai ya kai mako biyu. A digiri 10 kuwa yakan haura wata yana kwance. Dangin tattasai sun fi haka: abin da zai fito a kwana takwas cikin ɗumi, a digiri 15 sai ya ci kusan kwana 25, a digiri 10 ma ba ya motsi. Attarugu shi ne sarkin nawa, ko da ɗumi yakan yi mako biyu. To a ƙasar Kano daren Janairu yakan sauka wajen digiri 13, wani daren ƙasa da haka, balle a Jos. Kabeji da latas da albasa su babu ruwansu, wannan sanyin ma shi suke so, ba za su ba ka wahala ba. Kuɓewa da kankana kuwa ba a cika dasa su ba, ka bari sanyi ya karye ka shuka su kai tsaye.

Ka fara da zaɓen wuri. Kada ka yi yafi a can gindin fadama don kusa da ruwa, sanyi da dare kwari yake gangarawa ya kwanta, kamar ruwa. Nemi ɗan tudu-tudu. In a gida ne, jikin katangar da ke fuskantar kudu ta fi ko'ina, domin a watannin nan rana ta kudu take karkata, katangar ta wuni tana shan ta, da dare ta riƙa sako ɗumin. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka ka kafa zana ko darnin karan dawa ta arewa da gabas. Na gabas ɗin ka ɗan ja shi baya, ko ka rage masa tsayi, kada ya tare maka hantsi. Kudu da yamma ka bar su a buɗe, sai dai in akwai kaji da awaki.

A nan ne nake saɓawa da maƙwabtana. Su sun saba da fangali mai zurfi wanda ake sako wa ruwa ya cika. Wannan ya yi wa Oktoba daidai, amma a hunturu ni ɗagawa nake yi, kamar taƙi guda daga ƙasa, faɗi kamu biyu yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba. Ƙasar da aka ɗaga ta fi saurin ɗumama, ruwa kuma ba ya kwana a cikinta. Ka farfasa hoge, ka haɗa da takin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe ya koma kamar ƙasa, babu wari babu zafi. In wurin laka ne ka zuba yashi ko buntun shinkafa da aka babbaka. Ɗanyen kashin kaji kada ka kusanto da shi, ƙone jijiya yake yi. Kafin yafi da kwana biyu nakan shimfiɗa busasshiyar ciyawa da kara a kan wurin in cinna wuta. Tana rage irin ciyawa da cututtukan da ke saman ƙasa. In ta huce sai in bi da manjagara in cakuɗa tokar.

Kafin ka zuba kuɗinka a ƙasa, gwada irin. Ƙirga ƙwaya ashirin, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma da aka matse, saka a leda, ajiye a ɗaki mai ɗumi. In sha shida ko fiye suka fasa baki, irin na da rai. In goma ne kawai, ka ninka abin da za ka yafa ko ka koma kasuwa. Na taɓa sayen gwangwanin da ya daɗe yana shan rana a teburin mai kaya, na yi ta zagin sanyi, ashe mataccen iri na binne. Wannan gwajin ne kaɗai zai raba maka gardama tsakanin laifin iri da laifin yanayi.

Attarugu da tattasai nakan jiƙa su kwana guda a ruwa mai ɗan ɗumi, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi, ba mai zafi ba. Washegari in tsane, in naɗe a tsumma kamar na gwajin, in bar su a ɗaki ina dubawa kullum. Da na ga farin baki ya fara leƙowa a wasu, ranar zan shuka. Kada ka bari jijiyar ta yi tsawo, karyewa take yi a hannu. Da wannan kaɗai ka tsallake kwanakin da iri ya fi ruɓewa a ƙasa. Tumatir bai cika buƙatar wannan hidima ba.

Sunansa yafi, amma ni ba watsawa nake yi ba. Nakan ja layi da tsinke a gicciye, tsakanin layi da layi faɗin yatsu huɗu zuwa biyar, zurfi bai wuce rabin gaɓar yatsa ba, wato kamar santimita ɗaya. In ka zurfafa a sanyi ka haƙa masa kabari. Ka cakuɗa irin da busasshen yashi don kada ya zuba a dunƙule. Giram ɗaya na irin tumatir ya kai ƙwaya wajen 300, hannu kuwa ba ya jin nauyinsa, shi ya sa sabon shiga kullum yakan cika. Ka rufe da lallausar ƙasa da aka tankaɗe, ka ɗan danna da tafin hannu, ka yayyafa ruwa. Ka yi wannan aiki da hantsi, ba da yamma ba.

Sai rufi. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar iri, ko tattakar shinkafa, ko buhun algarara. Rufin nan aiki biyu yake yi, yana hana iska busar da saman ƙasa, yana kuma riƙe ɗumi. Wanda ya fi shi shi ne farar leda a kan ƴan sanduna da aka lanƙwasa kamar baka. Amma leda wuƙa ce mai baki biyu. Ka rufa ta da la'asar sakaliya, tun ƙasa na da zafin rana, ka danne gefenta da duwatsu. Da hantsi ya ɗaga ka yaye. Ranar da ka manta da ita har azahar, rana kuma ta buɗe, to ka dafa irinka. Mutum in ya san ba kullum yake zuwa lambu ba, gara ya tsaya a kan ciyawa. Ka riƙa ɗaga rufin kana duba ko gara ta shiga.

Yanzu ga maganar da ta kashe min attarugu, wato bayi, ba wa yafi ruwa ke nan. Sau ɗaya a rana, tsakanin ƙarfe goma da sha ɗaya na safe. Dalili shi ne ƙasa ta sami sauran wuni ta tsane ta ɗumama kafin dare. Kuma ba kowace rana ba. Cusa yatsa kamar yadda Kawu ya yi. In ka ji danshi a ƙasan ɓawon, ƙyale shi. Hunturu maƙaryaci ne, yakan busar da sama ƙayau alhali ciki jagab yake. Ranar da hazo ya rufe rana tun safe har yamma, ƙasa ba ta sha zafi ba, ka rage ruwan ko ka tsallake gaba ɗaya.

Shi kansa ruwan a duba shi. Wanda aka jawo yanzu daga rijiya ko burtsatse da ɗuminsa yake fitowa, duk mai alwalar asuba a bakin rijiya ya san haka. Wanda ya kwana a duro ko a buɗaɗɗen magudani kuwa kamar ƙanƙara yake. In shi ne da kai, cika baƙar jarka ka ajiye a rana ya kwashe awa biyu. Ka yi amfani da buta mai rariya a baki, ko gwangwanin da ka huda gindinsa da ƙusa. Kada ka sako ruwan inji a kan yafi, kwashe iri yake yi ya tara a lungu guda.

Daga kwana na biyar ka fara leƙawa ƙarƙashin rufin kowace safiya. Da ka ga tsiro ya fara lanƙwaso wuya, ka kwashe ciyawar da ke kwance a kansa a ranar. In ka ƙara kwana biyu zai yi tsawo, fari, siriri kamar zare, irin wannan kuwa ba ya zama dashen kirki. Rufin dare dai ka ci gaba da shi, amma a ɗage a kan sanduna.

Makonni biyun farko su ne na fargaba. Za ka zo da safe ka tarar da wani gurbi dashen ya kwanta, ka duba gindinsa daidai ƙasa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa. Cutar ƙasa ce, danshi da cunkoso da rashin iska ke kiranta. Wanda ya kwanta ya tafi. Ka cire shi da ƙasar gindinsa ka kai nesa, ka ɗaga ƙafa da ruwa kwana biyu, ka barbaɗa busasshen yashi a tsakanin layuka. Sannan ka rage cunkoso, tsakanin tsiro da tsiro ya zama faɗin yatsa biyu. Na san da ciwo mutum ya tuge abin da ya yi mako biyu yana jira, amma dashe ɗari masu kauri sun fi ɗari uku ƴan tsamurmura.

Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne ganyen tumatir ya koma shuni-shuni ta ƙasa, tsiron ya tsaya cak. Sai a ruga a watsa yuriya. Ba yunwa ba ce, jijiya ce ta kasa jan abinci saboda ƙasa ta yi sanyi. Ka gyara rufin dare ka jira, da ɗumi ya samu zai warware. Yuriya a kan jaririn tsiro ko ta ƙone shi ko ta sa ya yi laushi. In lallai sai ka ba shi wani abu, bari ya yi ganyen gaskiya biyu, wato waɗanda ke fitowa bayan ganye biyun farko na tsiro, ka jiƙa ruɓaɓɓen taki a ruwa, ka tace, ka sirka har ya yi kalar shayi marar kauri.

Tsohon gidan sauro kada a yar da shi. Ka ɗinke hujojin ka lulluɓe yafin, ka binne gefensa. Yana tare ƙadangare da gyare da tsuntsaye, yana rage farin ƙuda mai kawo cutar nannaɗewar ganye, yana kuma tare malam-buɗe-littafin tsutsar nan da muke kira sharon. Wanda ya ga abin da ta yi wa tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa a 2016 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Dashen da ya kamu tun a wurin yafi, da cutarsa za ka kai shi gona.

In irin mai tsada ne, na aure wanda ake sayarwa a ƙirge, ban ga dalilin zuba shi a ƙasa ba. Nemi farantin reno mai ramuka, ko ledojin fiyawata da aka yanke baki aka huda gindi, ƙwaya ɗaya a kowane. Da rana a fitar, da magariba a shigar ɗaki ko zaure. Matar gidana da haka take renon attarugun bayan ɗakinta, kuma nata kan riga nawa na gona fitowa, abin da ba ta gajiya da tuna min.

Kada ka ƙirga kwanaki wajen cirewa, ka dubi dashen. A Oktoba mako huɗu ya ishi tumatir, a hunturu yakan kai biyar ko shida, attarugu kuwa har takwas. Alamar ita ce ganyen gaskiya huɗu zuwa biyar, tsayi bai kai taƙi ba, kara ya yi ƙwari. Saura mako guda ka fara horar da shi: ka janye rufin dare, ka cire gidan sauron da rana, ka riƙa tsallake bayi har ya ɗan yi yaushi da azahar. Ranar dashe ka jiƙa wurin sosai tun da hantsi. Da la'asar ka sa tsinke ko tsohon cokali ka ɗago kowanne da ƙasar gindinsa, ba fizga ba. Tumatir ka nutsa shi har kusa da ganyen farko, karansa zai fitar da sabuwar jijiya. Attarugu da tattasai kuwa ka tsaya daidai inda ƙasa ta kama su a da. Ka ba su ruwa nan take, ka kuma bar kamar kashi ɗaya cikin goma a wurin yafin, na cike gurbin waɗanda za su faɗi a makon farko.