Kurakuran da aka fi yi wajen gano nau'in yis ɗin fata, gashi da farce ta gwajin DNA

Kyasbi da amosanin kai da lalacewar gefen farce duk suna iya fitowa daga ƙwayoyin yis, wani nau'in fangas mai ƙwaya ɗaya, kuma tun da masana suka amince a 2012 cewa sashen DNA da ake kira ITS shi ne alamar gane fangas, ɗakunan gwaji da yawa sun koma ga wannan hanya. Hanyar tana da kyau, sai dai yawancin ɓarnar kan auku tun kafin samfur ya shiga na'ura.

Wurin ɗaukar samfur ake fara tuntuɓe. Wasu kan yanko bakin farce kawai, alhali can ne ƙura da baƙin ƙwayoyi ke taruwa. Abin da ya dace shi ne a goge wurin da sinadarin alkohol mai ƙarfin kashi 70, a kankaro garin da ke ƙarƙashin farcen daga inda cutar ta yi iyaka da lafiyayyen nama, a kuma tambayi majinyaci ko ya shafa magani kwanan nan, domin gwajin PCR, wanda ke ninka DNA don a iya gano shi, yana kama har DNA na ƙwayar da ta riga ta mutu.

Sai batun renon ƙwayar. Jinsin Malassezia, mai haddasa kyasbi, ba ya rayuwa sai da maiƙo, saboda haka wanda ya shuka shi a abincin renon ƙwayoyi na Sabouraud zalla, wanda ba a ƙara masa maiƙo ba, zai jira banza, ya rubuta cewa ba a samu komai ba. Gyaran shi ne a yi amfani da abincin Dixon ko a ɗiga man zaitun. Bangon ƙwayar yis kuma yana da tauri, in ba a farfasa shi da ƙananan duwatsun gilashi ko sinadarin da ke narkar da shi ba, DNA ɗin da za a samu ba zai isa ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na fassara. Malassezia globosa da Malassezia restricta suna zaune a fatar kusan kowane lafiyayyen baligi, Candida parapsilosis kuma ta saba zama a hannu da ƙarƙashin farce. Ganin DNA ɗinsu a samfur bai tabbatar da cewa su ne suka jawo ciwon ba. Dole a duba samfurin a madubin likita bayan an jiƙa shi da sinadarin KOH, a haɗa da abin da likita ya gani a jikin majinyaci, a farce kuwa a sake ɗaukar samfur a ga ko ƙwayar ɗaya ce za ta sake fitowa. In ba haka ba, mutum zai shafe watanni yana shan maganin da ke wahalar da hanta ba tare da dalili ba.

Dogaro da ITS kaɗai ma yana da iyaka. Candida dubliniensis, wadda aka bayyana a 1995, da Candida africana suna kama da Candida albicans ƙwarai, kuma ƙwayar halittar HWP1 ce ke raba su sarai. Trichosporon, mai yin fararen ƙulle-ƙulle a jikin gashi, sashen DNA da ake kira IGS1 ya fi bambance nau'o'insa.

Akwai kuma saurin amincewa da amsar farko da GenBank, rumbun bayanan DNA na intanet, ya bayar, alhali wasu bayanan da ke ciki an ɗora su da sunan da ba nasu ba. A kwatanta da bayanan asalin samfurin da aka raɗa wa nau'in suna, a kuma lura da sauyin sunaye: Candida krusei, wadda maganin fluconazole ba ya ci, yanzu Pichia kudriavzevii ake kiranta, don haka a rubuta sunayen biyu a takardar sakamako domin likitan da ya san tsohon sunan kaɗai ya gane.