Yadda ake ɗaukar hoton baƙon tsuntsu a lokacin hunturu

1. A cika batura biyu kafin a fita. Sanyi yana shanye caji da wuri, don haka a sa na biyun a aljihun ciki, ɗumin jiki ya riƙe shi.

2. A ɗaura wa kyamara gilashi mai jawo nesa, milimita 400 ko fiye.

3. Da an hango tsuntsun, a fara ɗauka ko daga nesa ne. Yana iya tashi kafin a gama shiri, kuma wannan hoton ne shaidar an gan shi.

4. A saita saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa in yana zaune, 1/2000 in yana shawagi. Hasken hunturu ba shi da ƙarfi, sai a ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske, har 1600. Gara hoto mai ɗan ƙura-ƙura da wanda ya yi dishi-dishi.

5. Farin dusar ƙanƙara yana ruɗa kyamara ta rage haske, tsuntsu ya fito baƙi ƙirin. A ƙara haske da +1 a ma'aunin gyaran hasken kyamara.

6. A durƙusa daidai tsayinsa, a saita kan idonsa. A samu gefensa, bayansa da buɗaɗɗen fiffike, domin da zanen gashinsa ake tantance irinsa.

7. In ya daina kiwo ya miƙe wuya, an matsa da yawa, a ja baya. Ya sha doguwar tafiya, kuma duk tashin da aka sa shi yana cinye ƙarfin da zai jure sanyin dare da shi.

8. Kafin a shiga ɗaki mai ɗumi, a rufe kyamara cikin jakarta, a bar ta kamar awa ɗaya, kada raɓa ta taru a gilashin.